SHAIDAR ALAMU DA SHAIDAR KIMIYYA A SHARI'AR KISAN KAI

Bayani domin wayar da kan jama'ar Sabo ta Ibadan

GABATARWA

Tun shekarar 1916 da aka keɓe wa Hausawa unguwar Sabo a birnin Ibadan, wanda tsofaffin fatake suke kira Badun, unguwar ba ta taɓa rabuwa da baƙi ba. Shanu suna gangarowa daga Arewa, goro yana haurawa daga Kurmi, kowane ayari kuma da mutanensa. Wani ya kwana biyu ya wuce, wani ya zo cin rani ya zama ɗan gari. Duk inda jama'a suka taru haka, ga kuɗi suna shiga hannu suna fita, ba a rasa ranar da za a wayi gari da mugun labari: an tsinci gawa a kango, ko a bakin rafi, ko a ɗakin baƙi, ba kuwa wanda ya ga yadda abin ya auku.

A irin wannan rana mutane sukan rabu kashi biyu. Waɗansu su ce tun da ba wanda ya gani da idonsa, maganar ta mutu, sai a bar wa Allah. Waɗansu kuma su ce ai kowa ya san wanda ya aikata, har su nemi ɗaukar doka a hannunsu. Dukkan kashin biyu sun yi kuskure. Kotu tana iya yanke hukuncin kisa ko da ba shaidar gani da ido, amma ba ta yin haka bisa zato ko jita-jita. Manufar wannan ɗan littafi ita ce a bayyana ma'aunin da kotuna suke auna irin wannan shaida da shi, musamman idan aka ɗaukaka ƙara, da kuma abin da ya wajaba a kan jama'a domin kada mai laifi ya kuɓuta, kada kuma a rataye marar laifi.

1. DOKAR DA TAKE AIKI A SABO

Abu na farko da ya kamata baƙo ya sani shi ne, dokar manyan laifuffuka ta Jihar Oyo ba ita ce ta jihohin Arewa ba. A Arewa ana aiki da kundin Final Kod tun 1960, waɗansu jihohi kuma sun ƙara da dokokin Shari'ar Musulunci daga shekarar 2000. A Ibadan kuwa kundin Kiriminal Kod ne yake aiki a kan kowa, Bahaushe ko Bayarabe. Sashe na 316 na wannan kundi shi ya fayyace kisan kai da gangan, sashe na 319 kuma ya ce hukuncinsa kisa ne. Babbar Kotun Jiha ce take yin wannan shari'a.

Kafin a sami mutum da wannan laifi, lalle ne mai gabatar da ƙara ya tabbatar da abubuwa uku. Na ɗaya, cewa mutumin da ake magana a kansa ya mutu. Na biyu, cewa aikin wanda ake tuhuma shi ne sanadin mutuwar. Na uku, cewa ya yi aikin da niyyar kisa ko niyyar yin mummunan rauni. Sashe na 36(5) na Tsarin Mulkin 1999 ya ce duk wanda ake tuhuma marar laifi ne har sai an tabbatar da laifinsa. Sashe na 135 na Dokar Shaida ta 2011 kuma ya ɗora nauyin tabbatarwar a wuyan mai gabatar da ƙara, har sai ba sauran kokwanto mai ma'ana. Ba aikin wanda ake tuhuma ba ne ya wanke kansa.

Hanyoyin tabbatarwa uku ne: shaidar wanda ya gani da ido, da iƙirarin mai laifi da bakinsa ba bisa tilas ba, da shaidar alamu. Ta ukun nan ita ce abin nazari a nan.

2. MECE CE SHAIDAR ALAMU?

Shaidar alamu ita ce abubuwan da suka kewaye aukuwar laifi, waɗanda idan aka haɗa su wuri guda hankali zai kai ga wanda ya aikata. Makiyayin da ya ga sawun kura ya shiga garke ya fita, ga jini a ƙasa, ga maraƙi babu, ba ya bukatar wanda zai ce masa ya ga kurar. A shari'ar kisan kai irin waɗannan alamu sun haɗa da tsohuwar gaba tsakanin mutum biyu, da barazanar da aka yi a gaban jama'a, da samun kayan mamaci a hannun wani, da gudu daga gari ba dalili, da ƙaryar da mutum ya yi game da inda ya kwana.

Wannan hanya ba baƙuwa ba ce ga almajiran fiƙihu, domin ita ce malamai suke kira ƙarina. A cikin ƙissar Annabi Yusufu, tsira da aminci su tabbata a gare shi, riga ta zama alama har sau biyu. Da farko 'yan'uwansa sun kawo ta da jinin ƙarya, mahaifinsu bai gaskata su ba. Daga baya kuma yagewar rigarsa ta baya ita ta nuna gaskiyarsa a gidan Azizu na Masar. Ashe alama takan yi ƙarya, takan kuma faɗi gaskiya. Aikin alƙali shi ne rarrabewa.

Malam Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 1350, ya kawo wani labari a littafinsa na hanyoyin hukunci wanda ya kamata kowane mahauci ya sani. A zamanin Sayyidina Aliyu an kama wani mutum a kango, da wuƙa mai jini a hannunsa, ga wani kwance an kashe shi. Ya amsa laifi, aka tafi da shi za a kashe, sai ga wani mutum ya sheƙo yana cewa shi ne ya yi kisan. Da aka tambayi na farko dalilin amsa abin da bai yi ba, sai ya ce shi mahauci ne, ya yanka saniya, ya shiga kangon domin kama ruwa da wuƙarsa a hannu, ya tarar da gawa, aka rutsa shi a nan, ya kuwa tabbata ba mai gaskata shi. Ga wuƙa, ga jini, ga gawa, ga iƙirari, amma mutumin ba shi da laifi. Kama da wane ba wane ba ne.

3. MA'AUNIN KOTU

A shekarar 1866 wani alƙalin Ingila mai suna Pollock ya kwatanta shaidar alamu da igiya mai sili da yawa: sili ɗaya ba ya ɗaukar nauyi, amma idan aka tufke uku ko huɗu sai su ɗauka. Duk wanda ya taɓa ɗaure bijimi ya san haka. Sai dai kotunan Nijeriya sun gindaya sharuɗɗa kafin su yarda igiyar ta tufku.

Na farko, kowace alama sai an tabbatar da ita da shaida. Ba a gina zato a kan zato. Na biyu, alamun su dace da juna, kada wata ta rushe wata. Na uku, su nuna wanda ake tuhuma shi kaɗai, ba shi ko wani ba. Na huɗu, wanda ya fi kowanne muhimmanci, kada a sami wani bayani mai ma'ana da zai iya fassara alamun ba tare da laifinsa ba. Idan akwai fassara biyu, ɗaya ta laifi ɗaya ta rashin laifi, kotu tana ɗaukar wadda ta fi sauƙi ga wanda ake tuhuma. Kotun Ƙoli ta sha nanata cewa zato, kome ƙarfinsa, ba ya zama hujja. Hausawa ma sun ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya.

4. DARASI DAGA SHARI'O'IN DA SUKA GABATA

Kisa ba gawa. A daren 3 ga Janairu, 1953, wani mai wa'azin Musulunci, Alfa Bisiriyu Apalara, yana wa'azi a unguwar Oko Baba ta Ebute Metta a Ikko, watau Legas. Ya yi suna wajen sukar ƙungiyoyin asiri. A wannan dare aka far masa, aka ja shi, kuma daga ranar ba a sake ganinsa ba. Ba a sami gawarsa ba. Amma akwai waɗanda suka ga harin, an kuma sami jini a wurin da kan hanyar da ta nufi bakin ruwa, bincike ya nuna jinin ɗan Adam ne. Aka yanke wa mutum 11 hukuncin kisa. Suka ɗaukaka ƙara zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma, ita kuwa a 1954 ta tabbatar da hukuncin. Darasin shi ne, ɓoye gawa ba ya kuɓutar da mai kisa idan alamu sun tabbatar da mutuwar har ba sauran shakka.

Dalilin taka-tsantsan. Me ya sa kotuna suke tsananta bincike idan ba gawa? A 1660 wani dattijo mai karɓar kuɗin haya a garin Campden na Ingila, William Harrison, ya ɓace. Aka tsinci hularsa da waɗansu kayansa a hanya, har da alamar jini. Baransa ya yi iƙirari, ya sa mahaifiyarsa da ɗan'uwansa a ciki, aka rataye su ukun a 1661. A 1662 sai ga Harrison ya komo gida da ƙafarsa. Wanda aka rataye ba ya dawowa a ba shi haƙuri.

Igiyar da ba ta tufku ba. A shari'ar Lori, wadda Kotun Ƙoli ta yanke a 1980, wani direban tasi ne ya ɓace a tsohuwar Jihar Bendel, daga baya aka tsinci gawa, aka kuma danganta waɗanda ake tuhuma da motarsa. Kotun farko ta yanke musu hukuncin kisa. Kotun Ƙoli ta soke hukuncin, Mai Shari'a Nnamani ya bayyana cewa lalle ne shaidar alamu ta zama cikakkiya, marar harshen damo, mai tilasta wa hankali yarda cewa wanda ake tuhuma ne ya yi kisan, ba wani ba. Samun kayan mamaci a hannun mutum alama ce mai nauyi, amma tana iya nuna sata ko karɓar kayan sata, ba lalle kisa ba.

Wanda aka gani tare da mamaci daga ƙarshe. A Ibadan ma an yi shari'ar Adepetu, inda aka tuhumi wani mai maganin gargajiya da kashe wata mace a 1990. Ba a kawo wanda ya ga kisan ba. Alamu ne suka ɗauki nauyin ƙarar, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar da hukuncin a 1998. Ƙa'idar da lauyoyi suke ambaton wannan shari'a a kanta ita ce, wanda aka gani tare da mamaci daga ƙarshe, kuma ba da jimawa ba aka sami gawa, ana sa ran ya bayyana inda suka rabu da yadda suka rabu. Idan ya kasa, ko ya yi ƙarya, kotu tana iya haɗa wannan da sauran alamu. Ga unguwa irin Sabo, inda dillali yakan raka baƙo mai kuɗi a jika, wannan ƙa'ida abar lura ce ƙwarai.

5. SHAIDAR KIMIYYA

Shaidar kimiyya reshe ce ta shaidar alamu, sai dai masana ne suke karanta ta. Sashe na 68 na Dokar Shaida ya yarda kotu ta saurari ra'ayin gwani a fannin da ya ƙware.

Binciken gawa. Likitan da ya koyi wannan aiki, irin waɗanda ake horarwa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan da aka buɗe a 1957, yakan nemi amsar tambayoyi uku: wane ne mamacin, me ya kashe shi, kuma yaushe. Gawa tana da abin faɗi. Ɗigon jini ƙanana a cikin ido da ƙujewa a wuya suna iya nuna shaƙewa. Yanka a tafin hannu ko a damtse yana nuna mamacin ya yi ƙoƙarin kare kansa. Baƙin hayaƙi a cikin maƙogwaro yana nuna mutum yana numfashi lokacin da wuta ta kama, rashinsa kuwa yana iya nuna an riga an kashe shi kafin a cinna wutar. Sandarewar gawa takan fara bayan 'yan sa'o'i kaɗan, amma zafi da laima irin na Kudu suna gaggauta ruɓewa, saboda haka kowace sa'a da aka ɓata tana share wani abu daga cikin bayanin. Kotuna sun yarda cewa idan an sari mutum ya faɗi nan take a gaban shaidu, ana iya gane sanadin mutuwa ba tare da likita ba. Amma idan ana zargin guba, ko mutum ya yi kwanaki yana jinya kafin ya cika, rashin takardar likita yakan rushe ƙara.

Jini. A 1901 wani masani Bajamushe, Uhlenhuth, ya gano hanyar bambanta jinin mutum da na dabba. Wannan gwaji shi ne garkuwar mahauta da 'yan kamasho da duk mai aiki a mayanka, domin da shi za a san ko jinin da yake jikin riga na sa ne ko na ɗan Adam. A wannan shekara kuma Landsteiner ya bayyana rukunonin jini. Amma a lura: kusan rabin 'yan Nijeriya rukuninsu ɗaya ne, watau O. Don haka dacewar rukunin jini ba ta nuna mutum guda. Amfaninta mafi girma shi ne fitar da wanda jininsa bai dace ba.

Zanen yatsa. Tun 1892 aka fara kama mai kisa da zanen yatsa a ƙasar Ajantina. Zanen yana tabbatar da cewa mutum ya taɓa abu, amma ba ya faɗin lokacin da ya taɓa ko dalilin taɓawar. Maƙwabcin da ya tsinci wuƙa kusa da gawa ya ɗaga ta don ya duba, ya sa kansa cikin shari'a, ya kuma shafe zanen mai laifi.

Gwajin ƙwayoyin halitta. Wannan shi ne ake kira DNA. Alec Jeffreys ya gano hanyar a Jami'ar Leicester ta Ingila a 1984. Abin lura shi ne, karo na farko da aka yi amfani da ita a binciken kisa, a 1986, wanke wani saurayi ta yi wanda ya riga ya amsa laifi a hannun 'yan sanda. Ainihin mai kisan sai a 1988 aka yanke masa hukunci. A Nijeriya, Gwamnatin Jihar Legas ta buɗe cibiyar irin wannan gwaji a 2017.

Bayanan wayar hannu. Sashe na 84 na Dokar Shaida ya buɗe ƙofa ga bayanan kwamfuta da na waya, bisa sharuɗɗa. Su ma suna nuna inda waya take, ba lalle inda mai ita yake ba.

Iyakar shaidar kimiyya. Kayan shaida suna bukatar silsila, kamar yadda hadisi yake bukatar isnadi. Lalle ne a san wanda ya ɗauki rigar daga wurin, da wanda ya rufe ta ya sa hatimi, da wanda ya kai ta ɗakin gwaji, da wanda ya karɓa. Idan mutum ɗaya ya faɗi daga silsilar, lauya zai tambaya: ina tabbacin rigar da aka gwada ita ce aka ɗauka? Haka kuma lalle wani wanda ya san mamacin ya nuna wa likita cewa gawar tasa ce. Daɗin daɗawa, ra'ayin gwani ba ya ɗaure alƙali. Gwani yakan yi kuskure, ana kuma yi masa tambayoyi kamar kowane mai shaida.

6. ƊAUKAKA ƘARA

Wanda Babbar Kotu ta yanke wa hukuncin kisa yana da haƙƙin ɗaukaka ƙara ba tare da neman izni ba. Sashe na 241 na Tsarin Mulki ya ba shi damar zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara, wadda aka kafa a 1976, tana kuma da reshe a Ibadan. Sashe na 233 ya ba shi damar wucewa Kotun Ƙoli a Abuja. Wa'adin shigar da takarda kwana 90 ne zuwa kotu ta farko, kwana 30 zuwa ta biyu. Alƙalai uku suke zama a ta farko, aƙalla biyar a ta biyu. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya yana iya neman Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wadda aka kafa a 1976.

Mutane da yawa suna tsammanin za a sake shari'ar ne daga tushe. Ba haka ba ne. Kotun sama ba ta kiran shaidu sai a wani hali na musamman. Abin da aka rubuta a kotun farko shi take karantawa. Idan maganar ita ce wane mai shaida ne ya faɗi gaskiya, ba ta cika saɓa wa alƙalin farko ba, domin shi ya ga fuskokinsu, ya ji muryoyinsu. Amma idan maganar ita ce me alamun suke nufi, to, alƙalan sama suna da ikon auna su daidai da na ƙasa. Wannan shi ya sa hukuncin da aka gina a kan alamu ya fi shan bincike a wajen ɗaukaka ƙara.

Tambayoyin da akan yi su ne: An tabbatar gawar ta wanda ake faɗi ce? An tabbatar da sanadin mutuwa? Akwai wani da ya sami damar aikata laifin? Wanda ake tuhuma ya ce yana wani wuri a lokacin, 'yan sanda sun bincika? An sami iƙirarinsa ta hanyar duka ko tsoratarwa, abin da sashe na 29 na Dokar Shaida ya hana? Akwai kuma wata tambaya da ta shafi Hausawan Kudu kai tsaye, watau ta tafinta. Sashe na 36(6) na Tsarin Mulki ya ba wanda ba ya jin harshen kotu haƙƙin samun tafinta kyauta. Idan kuma an ɗauki jawabinsa a ofishin 'yan sanda ta bakin tafinta, ƙa'ida ita ce a kira tafintan ya ba da shaida. In ba haka ba jawabin ya zama ji-ta-ji-ta.

Bayan sauraro, kotu tana iya tabbatar da hukunci, ko ta soke shi ta sallami mutum, ko ta mayar da shi kisan da ba na ganganci ba, ko ta ba da umurnin a sake shari'a. Idan an ƙure kotuna, sauran ikon afuwa na Gwamna a sashe na 212.

Muddin ƙara tana gaban kotu, ba a zartar da hukuncin kisa. Wannan darasi daga Jihar Oyo aka koye shi. An yanke wa Nasiru Bello hukuncin kisa a 1980 saboda fashi da makami, ya ɗaukaka ƙara, amma aka kashe shi a 1981 kafin a saurare ta. Iyalinsa suka kai ƙarar Gwamnatin Jihar, a 1986 Kotun Ƙoli ta yanke cewa kisan ya saɓa wa doka, ta ba da umurnin a biya su diyya.

7. ABIN DA AKE BUKATA DAGA JAMA'A

Tun da kotun sama abin da aka rubuta take dubawa, abin da aka rubuta kuwa ya dogara ga abin da aka tsare a ranar farko, to, sau da yawa makomar shari'ar da za a yanke a Abuja bayan shekaru tana hannun mutanen da suka fara isa wurin gawa. Saboda haka ana jawo hankalin masu unguwa, da limamai, da masu saukar da fatake, da shugabannin mahauta da na direbobi ga waɗannan abubuwa:

(1) Idan mutumin yana da sauran numfashi, a gaggauta kai shi asibiti. Ceton rai shi ne gaba da kome. Idan ya riga ya cika, a sanar da 'yan sanda nan da nan, a kuma sanar da Sarkin Hausawa ko wakilinsa.

(2) Kada a taɓa makami, kada a share jini, kada a wanke ɗaki ko tufafi. A hana taron jama'a tattake wurin.

(3) Gaggauta jana'iza abu ne mai kyau a addini, doka ma ba ta nufin wulakanta mamaci. Amma idan mutuwa ta zo da alamar kisa, a dakata da wanka da binnewa har hukuma ta duba. Jinkirin yini ɗaya ya fi a zo ana tone kabari bayan wata guda, ya kuma fi a bar jinin mamaci ya tafi a banza. Dangi suna iya roƙon a hanzarta binciken.

(4) Mai masauki ya riƙa rubuta sunan baƙonsa, da garinsu, da ranar saukarsa da ta tashinsa.

(5) Mai shaida ya faɗi abin da ya gani ko ya ji da kunnensa kaɗai, kada ya ƙara gishiri. Ƙari kaɗan yakan ɓata gaskiya mai yawa. Kada kuma ya koma Arewa ba tare da barin adireshinsa ba, domin ƙararraki da yawa sukan lalace saboda an nemi shaidu an rasa.

(6) Wanda aka kama, idan yana wani wuri lokacin da abin ya auku, ya faɗa tun a jawabinsa na farko, da sunan wurin da waɗanda yake tare da su. Ya nemi lauya da tafinta. Kada ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a takardar da ba a karanta masa da harshen da yake ji ba.

(7) Kada a ɗauki doka a hannu. Taron da ya kashe wanda ake zargi ya aikata kisan kai, kowane ɗaya daga cikinsu kuma yana iya fuskantar sashe na 319. Ban da wannan, a gari mai ƙabilu da yawa, irin wannan aiki yakan zama wutar da take cin waɗanda ba su ji ba su gani ba.

KAMMALAWA

Doka ba ta ce sai an ga kisa da ido ba, ba ta kuma yarda a kashe mutum don biri ya yi kama da mutum ba. Tsakanin waɗannan biyu ta kafa ma'auni, ta sa kotu bisa kotu domin a sake aunawa. Alƙali ba ya nan lokacin da abin ya auku, likita ma ba ya nan. Abin da jama'a suka tsare, suka kuma faɗa bisa gaskiya, shi ne silin da ake tufka igiyar da shi.

TAMBAYOYI DOMIN NAZARI

1. Waɗanne abubuwa uku ne mai gabatar da ƙara zai tabbatar a shari'ar kisan kai?
2. Me ya bambanta shari'ar Apalara da ta garin Campden, alhali duka biyu ba a sami gawa ba?
3. Don me dacewar rukunin jini ba ta isa hujja ita kaɗai?
4. Kwana nawa ne wa'adin ɗaukaka ƙara daga Babbar Kotu, kwana nawa kuma zuwa Kotun Ƙoli?
5. Mene ne wajibin wanda ya fara isa wurin da aka tsinci gawa?